Sista Ba-Shiga, mai tsare ƙofar ɗakin yara

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, ina goge wa 'yata Auta jiki a gadon asibiti aka shigo aka ce kin rasu, Sista. Hawan jini ne, a gida, ko jinya ba ki yi ba. Na Allah ne mu, wurinSa kuma za mu koma.

Sista Ba-Shiga ake ce miki a ɗakin yara masu ciwon daji, kuma ba yabo ba ne. Ko a wajen gaisuwa na ji wata tana raɗa wai kin cika taurin zuciya. Wallahi da ba gidan rasuwa ba ne, da ta ji daga bakina. To, ga amsarta a rubuce.

Ke kika zaunar da ni a kan benci kika fahimtar da ni halin da muke ciki. Kika ce a jinin kowa akwai fararen ƙwayoyi masu kama cuta su cinye ta, su kuma riƙe kamanninta saboda gaba. Amma maganin da ake ɗura wa Auta bai san nagari da mugu ba, ya kwashe su tare da ciwon. Murar da babba zai warke a tsaye, ita tana iya kai ta kabari.

"Kafin nata su dawo, Maman Auta, ni da ke ne garkuwarta."

Na ga aikinki ranar da yayan mijina ya zo dubiya yana tari, da leda cike da lemo. Ya yi ta faɗa, wai shi ma uba ne. Kika gaishe shi da ladabi, kika karɓi ledar da hannu biyu, ƙofa kuwa ba ki matsa daga bakinta ba. Sai kika ɗauki Auta kika kai ta taga ta ɗaga masa hannu. Ya tafi yana zage-zage, ke kuwa kika wanke lemon kika ɓare mata.

Jiya mahaifiyata ta zo da mura. Jinin Auta bai farfaɗo ba tukuna, kujerarki kuma ba kowa. Na tare ƙofa, na ce, "Mama, ki yafe mini, ba za ki shiga ba." Ta juya cikin fushi, har yanzu ba ta ɗaga wayata. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, amma gobe ma in ta dawo da mura haka zan yi. Mai zagi ya zaga, bakinsa ne. Ni dai ba zan binne 'yata don kunya ba.

Allah Ya jiƙanki, Sista, Ya yafe kurakuranki, Ya haskaka makwancinki. Ina yi wa maigidanki da abokan aikinki ta'aziyya, Allah Ya ba ku haƙuri. Ku kuma 'ya'yanta, ku ɗaga kanku. Akwai yarinyar da ta karya kumallo yau da safe saboda uwarku ta iya cewa a'a.