Irin Geron da Muka Cinye

A shekarar farin nan da shanu suka riƙa faɗuwa a hanyar Ɗambatta, tiya guda ta gero ce ta rage mana, irin shuka. Inna, mahaifiyata, ta zuba shi a tulu ta liƙe bakin da laka, ta ce ko wa zai mutu ba za a taɓa ba. Lokacin ina da mata da 'ya'ya biyu, dusa da ganye muke ci.

Gabas da mu akwai ƙauyen Kiristoci, maƙwabtanmu tun kaka da kakanni, da 'yar majami'arsu ta jar ƙasa. An taɓa kawo musu dawar agaji, fastonsu ya raba har da mu. To, ran nan da la'asar sai ga babbar mota a ƙofar majami'ar, an lulluɓe bayanta da tampol, Turawa biyu a gaba. Da idona na hango gefen buhuna. Fasto ya ce yana neman majiya ƙarfi goma da safe su sauke kaya. Ban tambaye shi ko kayan mene ne ba. A shekara irin wannan wane mai hankali zai ɗoro wa mota abin da ba a ci?

Na dawo gida na ce, "Inna, hatsi ya zo. Fasa tulun nan, gobe in na karɓo rabona sai mu yi musaya da iri."

Ta ce, "Kai ka gani?"

Na ce na gani. Ta dubi yaran, ta fasa. Muka ci tuwo, har aka kai wa maƙwabta.

Da safe aka yaye tampol. Siminti ne. Sai wani farin dutse a akwatin katako, mu goma muka ɗauke shi da ƙyar. Fasto ya karanta mana rubutun jikinsa yana kallon ƙasa, don shi ma 'ya'yansa sun kumbura da yunwa. Wai na tunawa da wani Bature matafiyi ne da ya ratsa ƙasarmu tun kafin mulkinsu, ya kwana nan. Mutanen cocin garinsu suka yi karo-karo suka aiko, a kafa a bango.

Har yau in na tuna zuciyata tafarfasa take. Mutumin da ya riga ya zama ƙasa aka biya wa jirgin ruwa da mota, mu da muke numfashi aka ce mu yi murmushi za a ɗauki hoto. Kuma na yi, wannan ya fi komai ƙona mini rai. Haushin Turawan nake ji, amma na bakina ya fi.

Bayan kwana tara ruwa ya sauka. Na bi gida gida neman iri, kowa nasa bai ishe shi ba. Inna ba ta taɓa yi mini gori ba. Da gari ya waye dai na tarar ta jingine mini sungumi a ƙofar ɗaki. Na ɗauka na tafi gona, na yi sara layi uku, ba mai bina a baya da ƙwaryar iri, sai na zauna.