Kalmar Sirrin da Malam Ba Ya Faɗa

Aikina na farko a wata makarantar koyon kwamfuta ne a Daura, a shekarun da Shari'a ta zauna har aka raba mana ajin mata da na maza da labule. Suwic uku muke da su, wato akwatunan da wayoyin kwamfutocin makarantar duka suke haɗuwa a ciki. Kafin ka taɓa saitinsu sai ka sa kalmar sirri, kalmar kuwa mutum ɗaya ne ya san ta, Malam, wani dattijon Bafillace ɗan Sandamu wanda shi ya haɗa wayoyin tun farko.

In aiki ya taso sai in kira shi. Ya zo ya tsuguna, ya kare madannai da hannun riga, ya danna, ya tashi ya ba ni wuri. Ni kuma a lokacin na dawo daga kwas a Kano, kaina ya yi girma, ina ganin rowa ce kawai da son a riƙa nemansa. Na yi ta hura wa mai makarantar wuta: ranar da Malam ya kwanta ciwo fa? Ai kamata ya yi kowane ma'aikaci ya sami sunan shigarsa da kalmarsa, a san wanda ya taɓa me. Maganata gaskiya ce, har gobe haka nake yi wa mutane.

Mai makaranta ya yarda. Wata Asabar da hantsi ya tara mu a ɗan ɗakin suwic, na jona shuɗiyar waya a laftof ɗina, allo ya tambayi tsohuwar kalma. Malam ya matso zai danna kamar kullum, na janye laftof ɗin.

"Haba Malam, faɗa kawai. Yau ai za a goge ta."

Ya laluba aljihu yana neman biro.

"Ba sai an rubuta ba," na ce, har da dariyata. "Ko layar tsafi ce?"

Mai makaranta yana sauri, za shi ɗaurin aure Mashi. Ya ce, "Malam, faɗa masa mana mu tashi."

Malam ya dubi ƙasa. Sannan ya faɗa, a hankali kamar mai haɗiyar magani. Sunan ɗansa na fari ne.

Duk wanda ke ɗakin ya san yaron, yana karatu a Katsina. Kuma duk mun san ba a taɓa jin sunan nan a bakin Malam ba. "Wancan na Katsina" yake ce masa, ko "yaron gidan". A al'adarsu ta Fulani uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya nuna yana sonsa a gaban mutane. Ashe kullum sai ya rubuta shi da yatsa a bayan hannun riga, inda ba mai gani. Matar da ke koyar da ajin mata ta ja mayafi ta rufe baki. Mai makaranta ya shiga duba wayarsa. Ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, ga shi dole in danna sunan harafi bayan harafi, kowa yana jin ƙarar madannan.

Suwic ya buɗe. Na buɗe wa kowa sunan shigarsa, na ba wasu ikon dubawa kawai, ni da Malam ikon canzawa, na goge tsohuwar kalma na adana. Haka na bi sauran suwic biyun. Sai aka shiga zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sa sabuwar kalmarsa. Da aka zo kan Malam na tashi daga kujera, na juya masa laftof, na kau da kai tun bai nema ba.

Bai zauna ba. Ya gyara hularsa, ya ce, "Sa mini duk abin da ka ga dama, ɗana. Ka rubuta mini a takarda."