Famfon Keke a Barandarmu

Maigidana ma'aikacin wata masana'anta ne a wajen Sabon Tasha, ni kuwa ina koyarwa a firamare a Kafanchan. A shekarun casa'in ɗin nan sai ƙarshen wata yake zuwa gida ta jirgin ƙasa. Wasu mazan suna kawo wa matansu atamfa, nawa ƙarfe yake kawowa.

Wani abu ne kamar tukunya biyu a kife, da roba da ƙaton sifirin a ciki. Shi ke buɗe bawul, wato marufin bututun mai, a wurin aikinsu. Iska ce ke danne sifirin ɗin, bawul ya zauna a buɗe. In injin iska ya mutu, sifirin ya miƙe ya rufe bawul da kansa, kada mai ya kwarara wuta ta tashi.

Da mun taso daga sujada a coci sai ya shimfiɗa buhu a baranda ya kwance abin, ya jona masa tiyon famfon keke ya miƙo mini. "Malama, buga."

In yi ta bugawa ina mita. Haba! Mutum ya zo na kwana biyu, rabi ya tafi a kan ƙarfe? Sai ya zare tiyo, abin ya yi tsaki ya rufe ƙam, shi kuma ya yi ta dariya kamar yaro.

Abu ɗaya nake roƙonsa: ya bar aikin ya dawo gida, ga gonar cittarmu ta isa. Kullum amsar ɗaya ce. Akwai bawul da dole ya rufe in iska ta ɗauke, akwai wanda dole ya buɗe, kuma in aka ɗaura sifirin a juye ba mai ganewa sai ranar masifa. Ba zai tafi ba sai ya koya wa wani. Na ji haushi, na kuma jira, don ina son mutumin nan ba kaɗan ba.

Ciwon ciki ne ya ɗauke shi a can, cikin damina. Har yau ina kewarsa.

Cikin masu zuwa gaisuwa akwai wani mutumin Godogodo, abokin aikinsa. Ya durƙusa ya ce, "Mama, ni ne ya koya wa. Na iya, ya gwada ni ya yarda. Ya ce kada in faɗa wa kowa, da bakinsa yake so ya gaya miki ya dawo gida ke nan, ba komawa."