Yayana Sai-Baɗi Da Fagen Da Ya Bar Mini

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, biyu ga watan Afrilu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayana, wanda duk layinmu na masu gyara suka sani da Sai-Baɗi. Ya rasu a asibiti yana da shekara arba'in da tara, bayan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi karo na biyu. Ya bar mahaifiyarmu, da matarsa, da 'ya'ya mata biyu, da ni autan gidanmu, wanda muka yi shekara ashirin da ɗaya a kan benci ɗaya muna gyaran na'urorin wasan gem na hannu. Yau kwana goma sha bakwai ke nan, kuma mutane sun yi ta tambayata me ya hana ni rubuta komai a kansa. Akwai aikin da ya bar mini, na kuwa ce ba zan ɗauki biro ba sai na ga inda na kwana da shi.

Yaya, da kai zan yi magana, don ban saba yin zancenka a bayan idonka ba.

Wanda bai san shagonmu ba zai so ya ji inda sunan nan ya samo asali. Kowace sabuwar shekara kakan yage gefen kwali, ka rubuta abubuwa biyar da kake hasashen masu ƙera na'urorin hannu za su fito da su, ka kafe shi da ƙusa a saman teburin dalma. Duk wanda ya kawo gyara sai ka karanta masa, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. In shekara ta ƙare abu bai fito ba, ko a jikinka, sai ka ce sai baɗi. Telan da ke maƙwabtaka da mu shi ya fara kiranka da haka, sunan ya bi ka har cikin gida, har Inna ma in ranta ya yi daɗi da shi take kiranka.

Ba kullum kake faɗuwa ba, gaskiya ɗaya ce. Ka ce za a yi allon da ake gani tarwai a cikin rana, aka yi. Ka ce wasannin da sai an jona da talabijin za su dawo cikin aljihu, muka yi maka dariya, ga su nan yau a hannun kowa. Batirin da zai yi kwana biyu ba caji kuwa, shekara tara kana rubuta shi, har yanzu muna nan muna jira. Amma hasashen da ka fi riƙewa shi ne cewa wata rana masu wasa za su riƙa gina fagagen wasan da kansu, wato matakan da ake bi a tsallake ramuka da tarkuna har a kai tuta, su ɗora a intanet kowa ya gwada, kuma abin da suka gina zai ninka na kamfani. Ranar da irin wannan wasa ya zo shagonmu ka rufe ƙofa da rana tsaka, muka zauna kamar yara har abincin da aka kawo mana ya huce.

Tun daga nan ka kafa doka: ba a goge ƙwaƙwalwar na'urar mutum sai an tambaye shi sau uku. Ni mai gaggawa ne, abin yana ci mini rai. Na tuna wani direban babbar mota da ya kawo na'urar da ta faɗa a bokitin wanki, ta yi tsatsa har cikin hanjinta. Na ce masa ya haƙura ya sayi wata. Ka karɓe ta daga hannuna ka tambaye shi ta waye. Ya ce ta ɗansa ce da ya rasu, akwai wani gida da yaron ya yi shekara yana ginawa a cikin wasan, ɗaki-ɗaki, har da ɗakin babansa. Kwana huɗu ka yi da gilashin ƙara girma a ido kana kankare tsatsa da bakin allura. Da allon ya kama, mutumin nan ƙato guda ya durƙusa a tsakiyar shago yana kuka, kai kuma ka fita waje wai za ka sayo ruwa, ka bar ni da shi. Da ka dawo abin da ka ce mini kawai shi ne, na'ura ana sayen wata, abin da mutum ya gina da hannunsa ba shi a kasuwa.

Shekara huɗu da suka wuce ciwon ya fara kayar da kai, ya tafi da hannunka na hagu. Ka dawo shago bayan wata biyar, kana riƙe ƙarfen dalma da dama ni ina danne maka allon. Amma ban sake ganinka ka ɗauki na'ura don wasa ba. Duk wanda ya taɓa riƙe ta ya sani, yatsan hagu ne ke kan 'yar sandar da ke tafiyar da ɗan mutumin cikin wasan, na dama shi ke danna maɓallin tsalle. A kwalin shekarar ka ƙara layi na shida: za su ƙera na'urar da mai hannu ɗaya zai yi wasa da ita. Ba su ƙera ba. Ka sake rubutawa, ka sake, har sau huɗu. A karo na uku ne bakina ya ja mini. Na ce a gaban tela da wasu mutum biyu, Yaya ka bar wahalar da kwali, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Suka yi dariya, kai ma ka yi. Wallahi har yau in na tuna sai in ji kamar in tsaga ƙasa in shige. Ban nemi gafararka a kan wannan ba, ina ta cewa akwai lokaci.

Kwana biyu kafin ka rasu ka sa Anti, matarka, ta fito da tsohuwar na'urarka daga jaka ta miƙo mini. Harshenka ya yi nauyi, sai da na kara kunnena a bakinka.

"Auta, akwai fage a ciki. Ka wuce mini shi, ka ɗora. Kada ka rage komai."

Dokar wasan ita ce ba a ɗora fage a intanet sai an bi shi daga farko har tuta ba tare da an faɗi ba, a kan na'urar wanda ya gina shi, don kada wani ya ɗora wa mutane abin da ba ya wucuwa. Ga shi kuma kamfanin ya riga ya sanar cewa ranar talatin ga watan nan zai daina karɓar fage daga tsofaffin na'urori irin taka. Wanda ya hau kafin ranar zai zauna, wanda bai hau ba ya mutu a cikin na'urar. Na ce maka an gama. Na faɗa da cika baki, don ni ne wanda ba a taɓa kayarwa ba a layinmu, kai kanka ka sani.

Bayan an watse daga zaman makoki na buɗe ta a shago. Fagen ba shi da suna, lamba ɗaya kawai. Ɗan mutumin yana tsaye a kan wani keke mai tafiya da kansa, ramuka a gaba, ƙayoyi a sama. Na ce wannan ai aikin minti goma ne. Na faɗi a ramin farko. Na sake, na faɗi. Kwana shida, Yaya! Wasan yana ƙirga faɗuwa a gefen allo, sai da ya nuna mini ɗari uku da goma sha biyu. Ko na yi gaba in wuce keken in zurma, ko in ja baya ƙaya ta tsire ni. Na zage ka a raina, Allah Ya yafe mini. Na ce mutumin da ba ya iya wasa ya zauna ya gina abin da shi kansa bai san kansa ba, shi ya sa ya kasa wucewa ya jibgo mini.

A rana ta shida na je gidanka da la'asar in gaida Inna, na'urar tana aljihuna. Na zauna a falo a kan kujerarka, na buɗe wurin da ake gyara fage. Ramin da ya fi cin raina yana nan, taɓawa ɗaya zan yi in cike shi, ba wanda zai sani a duniya. Yatsana yana kan allon sai ga Anti ta shigo da tire. Ita ba ta taɓa yin wasan gem ba a rayuwarta, amma ta yi shekara biyu tana zaune kusa da kai tana tsintar shinkafa kana gini, ta san wannan shafin sarai. Ta ajiye tiren ta tsaya a kaina.

"Auta, me yayanka ya ce maka a asibiti?"

Na fara kame-kame, wai fagen ne ke da matsala, ba a gina shi daidai ba. Ta ce in yi wasan ta gani. Na yi, na faɗi a gabanta sau uku. Ta shiga ɗaki ta fito da wani ɗan matashin kai wanda tsakiyarsa ta lotsa, ta ɗora mini a cinya, ta karɓi na'urar ta kwantar a cikin lotsawar, ta zauna daram kamar don ita aka ɗinka shi.

"Haka yake yi. Kai kuma wannan hannun naka na hagu mai ƙaiƙayi, zauna a kansa."

Na zauna a kan hannuna kamar ɗalibin da aka hukunta. Keken ya tashi, ban taɓa sandar ba, na danna tsalle kawai. Na wuce ramin farko. Na wuce na biyu. Keken ya sauke ni a kan wani bel mai tafiya, bel ɗin ya miƙa ni ga iska mai turawa, iskar ta ajiye ni a kan wani keken. Ka auna komai taku-taku yadda fagen da kansa zai yi aikin hannun hagu, mai wasa tsalle kawai ya rage masa. Ashe kwana shidan nan yatsana ne ke kashe ni, shekara ashirin ya saba da tura sanda, ba ya iya zama shiru. Ni da nake taƙama da gwaninta ban taɓa tambayar kaina ba da wane hannu ka gwada abin da ka gina. Anti ta ce ka sha kaiwa kusa da tuta, sai dai a watannin ƙarshe hannun daman ma ya fara rawa, tsallen ƙarshe yana kuɓuce maka. Ta ce ta sha ba ka shawara ka kira ni, ka ce a'a, kana so ka kawo mini shi shago a gama, ka ajiye a gabana ba tare da ka ce uffan ba. Na sunkuyar da kai a kan matashin nan na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta.

Sanin hanya bai sa ta zama mai sauƙi ba, don ba ka gina shi da tausayi ba, ka gina shi don ƙwararru. Sai da na ƙara kwana uku. Jiya da azahar, a shago, tela yana tsaye a bayana da almakashi a hannu ya manta da shi, na taɓa tuta. Shafin ɗorawa ya buɗe, na tarar ka riga ka rubuta bayanin da masu wasa za su gani: "Ga duk wanda hannu ɗaya ya rage masa. Ajiye na'urar a cinya, ka bar gefen hagu ya huta. Ba a sauƙaƙa maka komai ba." Na ɗora shi da sunanka, ban canza ko ɗigo ba. Zuwa safiyar yau mutum arba'in da ɗaya sun gwada, biyu sun wuce.

Da na koma in rufe na'urar ne na ga wurin ajiya ya buɗe wani layi da ban lura da shi ba. Lamba biyu, uku, huɗu, har bakwai. Duk ka gama gina su, duk suna jiran a wuce. Na leƙa na biyu, ya fi na farko tsawo. Yaya, ka iya ƙulla wa mutum aiki! Na farko ya ci mini kwana tara, saura shida, kwana goma sha ɗaya ne a gabana. Tela ya yi lissafi da yatsunsa ya ce ba zai yiwu ba, in zaɓi biyu masu sauƙi in haƙura da sauran. Na ce masa ya koma kan kekensa na ɗinki. Ba zan zaɓa ba, ba zan cike rami ko ɗaya ba, ba kuma zan ɗaga hannun hagu daga ƙarƙashina ba. Na yage kwali na kafe a ƙofa cewa shago a rufe yake har talatin ga wata, masu kawo gyara su yi mini haƙuri.

Ya Allah Ka jiƙan yayana, Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Ka sa jinyar da ya yi ta zama kaffara, Ka saka masa da Aljanna a kan kowace zuciya da ya sanyaya a shagon nan. Inna, Allah Ya ba ki haƙurin rashin babban ɗanki, Ya sa shi mai cetonki. Anti, Allah Ya saka miki da alheri a kan jinya da zaman da kika yi da shi, Ya raya miki yaran nan Ya shirya su, ba kuwa za su yi maraicin uba ba muddin ina numfashi. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yan uwa, da tela, da duk 'yan layinmu, da waɗanda suka zo daga nesa. Idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.

Duk wanda ya karanta wannan ya yi wa Yaya addu'a, ya ɗan rage mini kaɗan daga ciki, Allah Ya ba yatsan damana ƙarfi. Yanzu zan fara na biyu.