Kuntigin da Ban Sa a Akwati Ba

Gwangwanin kifi ne aka rufe wa baki da fata, aka ɗaura masa tsirkiya guda. Shi ke nan kuntigin. Abokina da hannunsa ya haɗa shi a unguwar Sentul ta Kuala Lumpur, a ɗakin da yake haya can saman bene. Gwangwanin daga shagon ƙasa ya fito. Fatar ta akuyar layya ce da ya roƙa a masallaci, ya shanya ta a taga har maƙwabta suka yi ƙorafin wari. Tsirkiyar kuwa wayar birkin keke ce.

Karatun digiri na uku ne ya kawo mu Kuala Lumpur, ni ina unguwar Sri Petaling, shi yana can. Duk Lahadi bayan azahar nakan hau jirgin ƙasa in tafi wurinsa. Mu taru mu biyar ko shida, a tuƙa tuwon shinkafa, a kaɗa kukar da wani ya taho da ita daga gida. In an ci an yi gyatsa, sai ya jawo kuntigi daga ƙarƙashin gado, daga nan kuma ba mai tsira. Wanda malaminsa ya dawo masa da babi ɗaya sau huɗu, sai ya ji kansa a waƙa. Wanda ya shekara biyu a ƙasar bai iya komai a yarensu ba sai “boleh” da “makan”, wato “zai yiwu” da “cin abinci”, shi ma ya sha. Ni kuwa cewa ya yi na zo neman digiri na ɓuge da renon tumbi a wurin mamak, masu shagon abinci. Mukan yi dariya har ciki ya ƙulle. Ban taɓa jin daɗin zama a ƙasar mutane kamar a waɗannan Lahadin ba.

Amma kiɗan nan sirri ne. Mahaifinsa limamin unguwarsu ne, kuma a gidansu kiɗa aikin maroƙa ne, ba na ɗan malamai ba. “In Baba ya ji, wallahi I'm finished,” haka yake faɗa yana dariya, amma mun san ba wasa yake ba. Muka riƙe masa amana.

A shekararsa ta ƙarshe Lahadin ta fara tsallakewa. Yau ya ce aiki, gobe ya ce kai ke ciwo. In ka ce masa lafiya, ya ce lafiya lau, sai godiya. Mu kuma da haka aka rene mu: in mutum ya ce lafiya lau, an gama, ba ka tona shi. Na karɓa na koma kan takarduna.

Wata Talata da hantsi aka kira ni a waya. Ya kashe kansa. Na daɗe ina neman kalmar da ta fi wannan laushi, ban samu ba. Har yau ina jin haushin kaina, wani lokaci ina jin haushinsa, amma kewarsa ta fi duka yawa. A nan muka sallace shi, a nan muka rufe shi.

Ni aka bar wa haɗa kayansa, a ba wani ɗalibi da zai koma gida. Na jera littattafai, kaftani uku, darduma, da wani mayafi da ya saya wa mahaifiyarsa bai kai ga aikawa ba. Da na ɗauko kuntigin, babbanmu, wani dattijo da ya bar iyali ya zo karatu, ya riƙe hannuna.

“Kada ka sa wannan. Abin da ke kan mutanen nan ya ishe su. A ce ɗan liman ya tafi ta wannan hanya, sannan a ce ashe makaɗi ne? Ka rufa masa asiri.”

Na ga gaskiyarsa. Na rufe akwati, na tafi da kuntigin Sri Petaling, na ɗora shi saman kabad inda idona ba zai riƙa kai wa ba.

Bayan wasu makonni, ranar Juma'a, mun fito daga Masjid Jamek ruwa ya tsuge. Na fake a bakin wani shagon yadi a unguwar Masjid India. Sai ga kira daga gida, lambar da ban sani ba. A can gari bai daɗe da wayewa ba. Muryar dattijuwa ce, ta ce ita ce mahaifiyar ɗan'uwana, wato marigayi abokina. Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa.

Na rusuna kamar tana ganina. “Ina kwana, Inna. Ya ƙarin haƙuri?”

“Haƙuri sai ma'aiki. Kaya sun iso, Allah ya yi maka albarka.” Sannan ta ce, “Ɗana, ban ga abin kiɗansa ba.”

Na fara kame-kame, ta katse ni.

“Tun yana firamare yake haɗa su. In Malam ya fita masallaci, a ɗakina yake kaɗawa, ni nake tsaya masa a ƙofa. Na san ba zai zauna wata ƙasa babu shi ba. Akwai muryarsa a wayarku?”

Babu. Ko ɗaya. Saboda tsoron kada ta ɓulla gida, ba wanda ya taɓa ɗauka. Na gaya mata haka, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

“To kai ka yi mini. Ko wacce waƙa ka riƙe.”

Ni da ko ƙira'a aka ba ni sai yara su yi dariya. Na juya wa masu shago baya, na toshe kunne ɗaya. Waƙoƙin tsokanar duk suka gudu daga kaina, sai wata mai sanyi da yakan yi in ana ruwa, wadda ba ta zagin kowa. Na fara: tattabara tashi ki je gida, ki ce da su ina nan tafe. Ban kai baiti na biyu ba ta tsayar da ni.

“Ka yi sauri da yawa. Ba haka ake jan ta ba.”

Sai ta ɗauka da kanta, a hankali. Ashe waƙar dakanta ce, wadda take yi yana goye a bayanta. Shekara uku muna jin ta a Sentul, muna zaton shi ya ƙirƙira. Na tsaya a wurin ina kuka a gaban mutane, mai shagon ya miƙo mini kujera ban iya zama ba.

Da ta gama, na ji ta share hanci. Ta rage murya.

“Ka aiko mini da shi. Ka naɗe a cikin zani, ka ce kayan mata ne. Ba mai buɗewa.”