Yafewar da Na Yi da Bakin Ramatu

Bana shekara arba'in cif da rasuwar ƙanena Isufu. Na ƙirga da kaina har sau biyu, kada wani ya ce mutumin da aka koro daga lakwal a aji huɗu bai iya lissafi ba. Ya rasu a zamanin farin nan da gulbin Yamai ya janye har ana taka cikinsa da ƙafa, lokacin da soji ke riƙe da ƙasa, mutum ko tari zai yi a bakin titi sai ya waiwaya tukuna. A shekarar, rashin hatsi ke kashe mutane. Isufu kuwa, da yake tun yana ƙarami ba ya son yin abin da kowa ke yi, shi yawan hatsi ne ya kashe shi.

Ɗan dako ne. Yana sauke buhuna a mangazar wani ɗan kasuwa, ɗakin ajiyar hatsinsa, can bayan kasuwar Petit Marché. Ba zan faɗi sunan Alhajin ba, ya riga mu gidan gaskiya, kuma 'ya'yansa suna karanta jarida, sun ma fi ni jin Faransanci. Gero ya tara, ba ya son a san yawansa, don soji ba su wasa da mai ɓoye abinci. Maimakon ya kama ɗaki na biyu, sai ya sa aka yi ta jibga buhu kan buhu har suka taɓa kwano. Kwana uku 'yan dako suna gaya masa jerin nan ya yi ciki, ya karkace. Ya ce wanda ke tsoro ya tafi gida, ga mutanen arewa nan a bakin ƙofa suna roƙon aikin. Rana ta huɗu da hantsi jerin ya zubo. Isufu ne a ƙasa.

A kamiyon Alhaji aka kawo mana shi Lamordé, can hayin gulbi, inda muke haya gida ɗaya, ni da iyalina, shi da matarsa Ramatu da jaririyarsu Zainabu. Kafin azahar mun wanke shi, mun sallace shi, mun kai shi. Har yabona aka yi, wai ban bar ɗan uwana ya jira ba. Ni ne babba, kuma ni ne mai ilimin dangi, don planto nake a wani buro, ina kai takardu a kan keke. Wanda ya shekara goma yana ɗauke da dosiyen takardu a hammata, ai ko bai karanta ba wani abu ya shige shi ta haƙarƙari. Haka nake gaya musu, su kuma suka yarda.

Ranar sadakar uku Alhaji ya zo da mutanensa. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a bakin tabarma, ya share ido da hannun riga. An sauke buhun gero ɗaya a zaure. Maƙwabtanmu Zabarmawa suna ta shigowa da fonda tilas, gaisuwar ta'aziyyarsu, wuri ya cika. Ya ce a yafe masa. Liman ya dube ni, kowa ya dube ni. Ban yi shawara da kowa ba, ba a ma shawara a irin wurin nan. Kalmar tana zaune a kan harshe kamar amin. Na gyara murya yadda manya ke yi, na ce: "Alhaji, mun yafe. Kwana ne ya ƙare." Aka shafa fatiha. Wani tsoho ya ce wa na kusa da shi ga mutumin kirki nan, na ji, kuma ba zan ɓoye ba, ya yi mini daɗi.

Ramatu tana cikin takaba, ba ta fita. Shekara shida tana gidan nan ba ta taɓa kama sunana ba, ba ta taɓa haɗa ido da ni ba, kamar yadda ya kamata tsakanin mace da wan mijinta. Washegari ta aiko matata ta kira ni. Na tsaya bayan zana, ita tana ciki, ba na ganin komai sai ƙafarta. Ta gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ta tambayi gajiyar baƙi, sannan ta ce: "Yaya, na ji an ce mun yafe. Ni ban ji lokacin da aka tambaye ni ba."

Na yi mata wa'azi, da na ƙaddara da na haƙuri, duk abin da na tsinta a masallaci. Ta bari na gama. Ta ce ba dukiyar Alhaji take so ba, so take ya tsaya gaban hukuma ya faɗa da bakinsa cewa an gaya masa jerin ya karkace, don in Zainabu ta girma ta tambayi abin da ya kashe ubanta, kada a ce mata buhu. Na tafi wurin liman in samo hujjar da zan rufe mata baki. Sai ya sunkuyar da kai ya ce gaskiyarta, ba ni da ikon yafe haƙƙin mata da marainiya. Na ce to Malam, me ya hana ka faɗi haka a kan tabarma? Ya ce ai ban tambaye shi ba.

Haka na zama lauyan Ramatu. Na rubuta takardar ƙara da hannuna, da Faransancin da ya tsorata har ni kaina, na manna tambur na hukuma, na haye gada zuwa cikin gari. A komisariyar 'yan sanda aka tura ni gidan shari'a, a gidan shari'a magatakarda ya tambaye ni takardar likitan da ya duba gawa. Na ce ba likita, amma mai wanka ya gani, kuma shi ya fi kowane likita ganin gawa a unguwarmu. Bai yi dariya ba. Ya ce wa ya ba mu izinin binnewa kafin zandarma ko ɗan sanda ya gani? A nan na gane saurin da aka yabe ni a kai, shaida na binne da shi.

Saura masu gani da ido. Na bi 'yan dakon ɗaya ɗaya. Kowa ya rantse mini a ɓoye cewa an gaya wa Alhaji, kowa ya ce kada in ambaci sunansa. Ban ga laifinsu ba a yau, ko da yake a lokacin na zage su. In magana ta kai kunnen soji za a rufe mangazar, a tafi da mai ita, su kuma da wannan dakon suke ciyar da gidajensu da dangin da fari ya koro musu daga ƙauye. A unguwa kuma aka rage gaishe ni. Mutumin da ya yafe a gaban jama'a ya koma ya kai ƙara, ba a san inda za a ajiye shi ba.

Bayan wata tara aka kira mu. Alƙalin saurayi ne ɗan Damagaram, mai ladabi, har Baba ya kira ni. Alhaji bai zo ba, ya aiko mutum biyar da suka zauna a tabarmar nan. Tambaya uku aka yi mini. Ka ce kun yafe? Na ce na faɗa. An ba ku buhun gero kun karɓa? Na ce an sauke shi dai a zaure. Ya ce ina buhun yake yanzu?

Mun ci. Me zan ce? Yara bakwai ne a gidan, kuma ba a samun ko dusa a kasuwa. Mun daka, mun yi fura, mun yi tuwo, ya kai mu kusan wata. Mutum ɗaya ce ba ta sa shi a baki ba, Ramatu, tana shayarwa, tana dafa ganye da ɗan abin da 'yar uwarta ke aiko mata. Alƙali ya rufe dosiye a hankali, ya ce ba gawa, ba shaida, kuma dangi sun sasanta.

Da na koma gida ban iya faɗa mata ba. Na ce an ɗage sai bayan salla. Bayan salla na ce an canja alƙali. Daga nan na ce dosiyen ya hau sama, kuma in abu ya hau sama sai haƙuri. Shekara shida ina ɗage shari'ar da ta mutu, har na fi gidan shari'ar iya ɗagewa. Kullum amsarta ɗaya: to, Yaya, Allah Ya saka. Ranar da aka yi shelar rasuwar Alhaji a rediyo, ta kawo mini ruwa ta ajiye, ta ce yanzu sai in huta da hawa gada. Ashe tun a makon farko matar wani ɗan dako ta gaya mata an rufe shari'ar.

Nakan tambayi kaina me Isufu zai ce da ya leƙo Yamai ta yau. Zai yi mamakin gadoji, shi da ya san ɗaya. Zai tambaya ko sojin nan ne har yanzu, in ce masa a'a, sun tafi sun dawo, sun sake tafiya sun sake dawowa, hula ce kawai ke canjawa. Zai ga kowa da waya a hannu, in mutum ya faɗi a titi kafin a ɗaga shi an ɗauki hotonsa sau ashirin, ya ce da a zamaninmu ne da an samu shaida. Amma in ya bi ni zaman makoki, zai ga ba abin da ya motsa. Maza suna kan tabarma a waje, mai takaba tana ciki, wani babba mai furfura irina yana gyara murya. Sau biyu na kama hannun irin wannan babban na ce a aika ciki a tambaya tukuna. An ce tsufa ya fara taɓa ni.

Isufu bai bar gida ba, bai bar gona ba, hotonsa ɗaya ne, na katin ɗan ƙasa, kuma ko a nan ya rufe ido. Abin da ya rage nasa Zainabu ce, da tafiyarsa ta karkata kafaɗa kamar mai ɗauke da kaya, ita da ba ta taɓa dako ba. Ta san abin da ya kashe ubanta, uwarta ta gaya mata duka, har da rabona a ciki. Amma ba takardar da ta faɗi haka, kuma wanda ya kamata ya faɗa bai faɗa ba.

Bara Ramatu ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba, a gidan Zainabu a Koira Kano. Na je, na zauna daga bakin ƙofa. Na yi abin da ake yi, na ce Ramatu ki yafe mini. Na ɗauka barci ya ɗauke ta. Sannan ta juyo ta dube ni, karo na farko a ido, ta ce: "Nawa na yafe maka, Yaya, tun da daɗewa. Na Isufu kuwa ba nawa ba ne da zan bayar. Sai kun haɗu."

Shekarata tamanin da ɗoriya. Wannan zaman, nawa da Isufu, ba wanda zai ɗage mini shi.