Ɗakin da Na Ɗauka Mu Biyu Ne

A shekarata ta uku a Guangzhou na yanke shawarar neman miji ta waya. Ba wani abu ne ya faru ba. Wata safiya ce ina tsaye a jirgin ƙasa, daga Panyu zuwa kasuwannin tufafi na Guangyuan, na dubi fuskokin da ke cikin taragon, na ga babu ko ɗaya da zai taɓa yin sallama a ƙofar gidanmu. Na riga na haura talatin. Aikina sayo wa matan Kano kaya. In ɗaga waya a shago in nuna musu abaya da takalma, su ce ja yadin mu gani, in yi ciniki da loban, wato mai shagon, in kai wa masu kago, wato masu jigilar kaya zuwa gida, a Baiyun. Ba ni da shago, ba ni da jari. Fuskata suka sani, ita suka yarda da ita. Mazan da nake gani kullum 'yan kasuwarmu ne masu bizar wata guda, kuma gaisuwarsu ba ta wuce yaya aiki, yaya zafi.

Ni kuwa da littattafan soyayya na girma, na haya, waɗanda bangonsu ya sha hannu har ya yi laushi. A cikinsu namiji kan zo da yamma, ƙamshinsa ya riga shi shigowa, ya zauna a kan tabarma ya yi magana a hankali, budurwa tana wasa da gefen mayafi. Na san duniya ba haka take ba. Sanin bai hana ni jira ba.

Da wata ɗaliba 'yar Damagaram nake zaune, tana karatun haɗa magunguna. Tanti take ce mini, wato Anti da Faransanci. Tare muka zauna muka tantance shafukan neman aure, kamar yadda nake tantance masu kawo kaya. Na farko cike yake da maza sun jingina da motocin da ba nasu ba. Na biyu sai ka biya kafin ka karanta gaisuwar da aka aiko maka. Wani kuma ko sunanka bai tambaya ba, ta ce, "Tanti, gidan da babu ƙofa ai ba gida ba ne, tasha ce."

Wanda na zaɓa na Musulmi ne. Hoton mace a dushe yake sai ta ba da izini. Suna neman katin shaida, su sa wa mutum koren maki kusa da sunansa. Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne gurbin waliyyi: ki sa lambarsa, duk abin da aka rubuta miki kwafi ya je masa. Na sa lambar Yayana da ke Kano, wanda ya tsaya mana tun rasuwar mahaifinmu. Da na gaya masa sai ya yi dariya.

"Auta, yanzu ni ne zan zauna a soro in gadi zance ta waya?"

"Kai ne, Yaya."

"To Allah Ya sa alheri. Amma ku riƙa taƙaitawa, data ta yi tsada."

Mutumin ya zo a wata na biyu. Injiniya ne a Kaduna, in ji shi, matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya. Yana da koren maki. Rubutunsa irin na littattafan nan ne sak, har nakan ajiye wayar in dubi rufin ɗaki. Gimbiya yake ce mini. Bai taɓa rubuta kalmar da Yaya zai karanta ya ɓata rai ba. Ya ma kira Yayan sau ɗaya, ya gaishe shi da ladabi, ya tambayi ƙafar Inna. Bayan haka Inna ta ce in fara duba tukwane tunda ina kusa da inda ake ƙera su. Na duba. Na zaɓi masu murfin gilashi, ban saya ba tukuna.

A gida da an tura mutum unguwarsu. A tambayi limamin masallacin, a tambayi mai kanti, a tambayi dangin matar da ta rasu yadda ya riƙe ta. Yaya ya ce zai tura, bayan mun ga juna mun amince. Ganin junan ne ya gagara. A ƙasar nan manhajojin waje a toshe suke, sai ka bi ta wata manhaja da ke tsallake katangar, ita kuma ba ta iya ɗaukar bidiyo daga ɗakinmu. Sai hoto ya daskare, fuskarsa ta tsaya rabi, murya ta yi ta kakkatsewa. Mun gwada har muka gaji.

Wata rana a kiran murya ya ce akwai wani shafi da ke aiki a Sin ba tare da tsallake komai ba, layinsa garau. Ya ce ya ma buɗe mini ɗaki a ciki don kada in wahala. Da baki ya karanto mini adireshin da kalmar shiga, harafi bayan harafi, ina rubutawa a bayan rasit. Abin da aka faɗa da baki ba ya zuwa wa waliyyi. A lokacin ban kawo wannan a raina ba. Abin da na kawo a raina shi ne wane kaya zan sa.

Lahadi ce, bayan la'asar a nan, hantsi a can. 'Yar Damagaram ta tafi ɗakin karatu. Na sa atamfar da na ɗinka da Sallah ban samu inda zan sa ta ba. Na ja kwalli. Na kunna turaren wuta, na buɗe taga don kada maƙwabta su ɗauka gobara ce, ina sane da cewa ƙamshi ba ya bin waya. Har dabino da ruwa na jera a faranti na ajiye a gefena, kamar yadda ake yi wa baƙo.

Shafin ya buɗe nan take. Fuskar shafin ta farko ƙananan tagogi ne jere-jere, kowace taga da mace a ciki, a kan gado, wasu ba su da kayan kirki a jiki. Na kife wayar a cinyata. Shi kuwa yana kan layi ta ɗaya wayar tawa, ta aiki.

"Wane irin waje ne wannan?" na ce.

"Kar ki kalli bakin titi, Gimbiya. Otal ma yana da mashaya a ƙasa, mutanen kirki na kwana a sama. Sa kalmar da na ba ki, ɗakinmu daban ne."

Na sa. Fuskata ta fito, garau kamar yadda ya ce. Ban taɓa ganin kaina da kyau haka ba. Ɓangarensa baƙi ne. Ya ce kyamarar kwamfutarsa ce ta ƙi, yana gyarawa, in ci gaba da magana yana ganina. A kusurwa akwai ɗan zanen ido, da lamba biyu a gefensa. Na ce ni da shi ke nan.

Ya yabi atamfar. Ya ce idona ya fi yadda ya zata. Na sunkuyar da kai ina wasa da gefen mayafi, kamar yadda na karanta ana yi. Da na ɗago, lambar ta zama bakwai. Can ta wuce goma. Rubutu ya fara gangarowa ta gefe, da Turanci, da Larabci, da wasu haruffan da ban sani ba, da hotunan furanni.

"Su wane ne waɗannan?"

"Na'ura ce, talla ce, ba mutane ba ne. Gimbiya, kin san shari'a ta ba mai neman aure damar ya ga wadda zai aura. Sassauta mayafin kaɗan. Gashin kawai."

Da muryarsa ta kullum ya faɗa, a hankali. Hannuna ya kai kan fil ɗin da ke ƙarƙashin haɓata. Ya tsaya a nan. Sai wani layi ya gangaro da Hausa: Haba 'yar gida, cire mana mana.

Ban yi ihu ba. Ban ma ji tsoro ba, yadda na san tsoro. Na zauna ina kallon lambar tana hawa, kamar yadda nake kallon lambar lif a kasuwa. Yana ta kiran Gimbiya, Gimbiya. Ban san tsawon zaman da na yi ba, fuskata a buɗe, hannuna a kan fil. Daga baya na kashe wayoyin biyu. Na cinye dabinon, na sha ruwan, na wanke farantin.

'Yar Damagaram ta dawo ta same ni da kwalliya ina tsince shinkafa.

"Kai, amarya! Yaya angon, yana da haƙora dai?"

Na ba ta labari ina ci gaba da tsinta. Ita ce ta yi kukan, ita ce ta yi zagin, da Hausa da Faransanci. Ta karɓi wayata ta rubuta wa masu shafin auren ƙorafi mai tsawo. Amsa ta zo kafin ta ajiye wayar, suna godiya, sun ce suna ɗaukar tsaron 'yan uwa mata da muhimmanci. Koren makinsa ya ƙara kwanaki kafin sunan ya ɓace. Ko su suka cire shi ko shi ya tafi, ban sani ba.

Yaya na bari sai ƙarshen mako. Ya saurara bai katse ni ba. Ina jin ƙarar babura ta bayansa.

"Kin cire?" ya ce.

"A'a."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan, Yaya."

"Alhamdulillahi. To ai shi ke nan, ba abin da ya faru."

Na ce masa akwai mai jin Hausa a cikinsu, kuma irin wannan ana iya naɗar bidiyonsa. Fuskata ce, a shafin da sunansa kawai ya isa ya zubar da mutunci. Ba wanda zai tsaya duba ko da mayafi ko babu. Ya ce zai gaya wa Inna bincike ne bai yi kyau ba, kuma in daina sa abin a rai, duniyar nan da faɗi take.

Da faɗi take. Har yau ba wanda ya turo mini komai. Ba wadda ta janye odarta, ba wadda ta canja mini gaisuwa. Duk safiya nakan buɗe saƙonnin matan Kano ɗaya bayan ɗaya, in ga abaya ce, takalmi ne, jaka ce, sai in tashi in kama jirgi. Shafin auren yana nan a wayata. Wani lokaci nakan shiga in karanta yadda mutane ke bayyana kansu, masu tsoron Allah, masu son zaman lafiya, in fita.

Kwanakin baya a hawa na uku na wata kasuwa, wani mutum da hula zanna ya tsaya yana kallona. Ina ciniki, matar shagon tana ce mini meyo, babu wannan launin, shi kuma bai ɗauke ido ba. Na ce abin ya zo, wannan ya ga fuskata a shafin nan, kuma ban ji komai ba. Na juya na fuskance shi don ya faɗa a gama. Ya matso, ya rage murya.

"Baiwar Allah, jakarki a buɗe take. Nan wajen sai da lura."

Na ja zif ɗin. Na ce na gode. Na juya na tambayi matar ko akwai ruwan toka.